Malamina ya ce ra'ayi na rubuta, Baba kuma ya daina kula ni

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe a sashen koyon aikin jarida na wata jami'a a nan Arewa. Kundin digirina a kan dabarun jan ra'ayi ne a jawaban kama mulki guda biyu, na marigayi Muhammadu Buhari na 2015 da na Bola Tinubu na 2023. Babi na ɗaya zuwa na uku sun wuce lafiya. Babi na huɗu kuwa sau biyu malamin da ke duba aikina yana dawo mini da shi, ya rubuta da jan biro a gefe: "Wannan ra'ayinki ne, ina nazarin?" Ni kuma gaskiya na faɗa. Na jera alkawuran da suka ɗauka, na nuna waɗanda ba a cika ba, na kawo farashin shinkafa da na mai. Ina zargin malamin ɗan jam'iyyarsu ne, shi ya sa yake danne ni. A gida ma ban tsira ba. Na karanta wa Baba wani ɓangare, shi kuwa tun 2003 yake bin Buhari, a 2015 har kwana ya yi a wurin zaɓe yana gadin ƙuri'a. Ya ce ya kai ni jami'a na koyo zagin manya. Yau kwana goma ke nan, daga gaisuwa ba ya ƙara ce mini komai. Saura mako shida a miƙa aiki. In canja maudu'i ne, ko in kai ƙarar malamin wurin shugaban sashe?

Daga wata ɗaliba

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da ƙoƙari. Jan biro a makaranta da shirun uba a gida a lokaci guda kaya ne mai nauyi, musamman ga wadda take ganin ba ta yi ƙarya ba. Kuma ba ki yi ba: tsadar shinkafa da ta mai ba wanda zai musa miki. Amma ki yi haƙuri da abin da zan ce, bisa ga yadda kika kwatanta babin nan, malaminki yana da gaskiya. Kin ce za ki yi nazarin jawabi, sai kika ɓuge da yi wa gwamnati hisabi. Aiki biyu ne daban, kuma maudu'inki na farkon ya nema.

Mai nazarin jawabi yana komawa ranar da aka yi maganar ne ya tsaya cikin taron. Tambayarsa ita ce: wannan mutumin, a gaban waɗannan mutanen, a cikin wannan halin, me yake so su yarda da shi, kuma da waɗanne kalmomi ya nemi kai su can? Ko ya cika alkawari bayan shekara takwas, wannan tambayar 'yan kimiyyar siyasa ce da masana tattalin arziki. Idan kin taɓa zama a gaban malamin zaure ana karatun balaga, wato ilimin fasahar magana, ma'anar da ake fara ba ɗalibi ita ce magana ta dace da abin da hali yake nema. Turawa ma nan suka dawo. A 1968 wani malamin jami'a a Amurka, Lloyd Bitzer, ya ce kowane jawabi amsa ce ga wani hali, kuma halin yana da ƙafa uku: matsalar da ta tilasta a yi magana, masu sauraron da za su iya yin wani abu a kai, da abubuwan da suka ɗaure mai maganar. Da wannan ya kamata babi na huɗu ya buɗe, shafi ɗaya ga kowane jawabi, kafin ki taɓa jimla ko ɗaya.

Ɗauki na 2015. Wanda ya tsaya a dandalin Eagle Square ranar 29 ga Mayu tsohon shugaban mulkin soja ne, wanda ya riƙe ƙasa daga ƙarshen Disamba 1983 zuwa Agusta 1985, lokacin da aka tsare 'yan siyasa da dama. Ya faɗi zaɓe sau uku, 2003 da 2007 da 2011, kuma shi ne ɗan adawa na farko da ya kayar da shugaba mai ci a Najeriya. Saboda haka a cikin masu sauraronsa akwai masu murna har da kuka, akwai kuma masu fargabar ramuwar gayya, da masu tsoron cewa zai zama shugaban yanki ɗaya ko addini ɗaya. Da wannan a zuciyarki ki sake karanta jimlar da kowa ya haddace: ni na kowa ne, kuma ni ba na kowa ba ne. Rabin farko ya nufi waɗanda ba su zaɓe shi ba, rabi na biyu ya nufi iyayen gidan siyasa da talaka yake tsoron za su mallake shi. Jimla ɗaya, jama'a biyu. Sannan ki lura da inda ya ajiye ta: daf da ambaton cewa yanzun nan ya rantse da Alƙur'ani, kuma nan take ya bi ta da cewa masu tsoron zai bi su da tsohon bashi su kwantar da hankalinsu. A balaga, haɗa abu da kishiyarsa a jimla guda sunansa ɗibaƙi. Idan kika rubuta sakin layi da ya faɗi jimlar, ya faɗi sunan dabarar, ya faɗi wa aka nufa da ita da tsoron da take son kashewa, kin yi nazari. Idan kuwa kika rubuta "amma daga baya ya nuna shi na wasu ne", kin fita daga jawabin kin shiga majalisar mai shayi. Jimlar nan ita jan biron malaminki yake bi.

A cikin jawabin akwai kaya da yawa da za ki kwasa. Ya jero sunayen magabata daga Herbert Macaulay da Azikiwe da Awolowo zuwa Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano da J. S. Tarka, sannan ya koma baya ya ambaci daular Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Kanem Borno da Oyo da Benin da ta Sarki Jaja. Ki zana taswira ki sa ɗigo a mahaifar kowane suna, za ki ga ƙoƙarin kada a bar wani yanki a waje. Ya kamanta wasu daga cikin waɗanda suka gaji magabatan da shagwaɓaɓɓun yara masu farfasa kayan gida, bai kama sunan kowa ba. Bahaushe ya san wannan, habaici ne, mai shi ya san kansa. Ya kira Boko Haram ƙaramar wuta da ta haifar da babbar gobara. Ya kawo lamba, cewa abin kunya ne ƙasa mai mutum miliyan 180 tana samar da lantarki megawat 4,000 kacal. Ya kuma yanke hukunci ɗaya a fili, cewa cibiyar ba da umarnin yaƙi za ta koma Maiduguri. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da gurbi a rabe-rabe guda uku na Aristotle, masanin Girka na dā, da na tabbata kin rubuta a babi na biyu: itos, wato mutuncin mai magana, fatos, wato sosa zuciya, da logos, wato hujja. Sai dai kada ki tsaya ga liƙa suna. Kuskuren da ya fi kayar da ɗalibai a nan shi ne su rubuta "wannan fatos ne" su wuce. Wace zuciya aka sosa, da wane tsoro ko wane bege? Amsar nan ita ce makin.

Na 2023 halinsa daban ne. Tinubu ya ci zaɓe da ƙuri'a kusan miliyan 8.8, ƙasa da kashi 37 cikin ɗari, manyan abokan hamayyarsa biyu suna kotu, jama'a kuma ba su gama farfaɗowa daga ƙarancin takardun naira ba. Abin da yake nema shi ne a karɓe shi a matsayin halastaccen shugaba. Shi ya sa ya ce nasararsa ba ta sa ya fi abokan takararsa zama ɗan Najeriya ba, ya ce zuwa kotu haƙƙinsu ne, ya ce zai tafiyar da gwamnati a madadin jama'a ba tare da ya mulke su ba. Ga ɗibaƙi kuma ya sake fitowa, ga kuma wurin kwatanci na gaske tsakanin jawaban biyu: dabara ɗaya, ciwo daban.

Amma ainihin naman babinki yana wurin tallafin mai, kuma a nan ne farashin da kika tara zai yi miki amfani ta hanyar da ta halatta. Rubutaccen jawabin da aka raba ya yaba wa gwamnati mai barin gado ne a kan shirin janye tallafin. 'Yar gajeriyar jimlar da ta girgiza ƙasa, cewa tallafi ya tafi, shi ya ƙara ta da bakinsa a kan mumbari. Duba ginin jimlar da kyau. Babu mai aikatawa a cikinta. Bai ce na cire ba, bai ce za mu cire ba. Tallafin ne ya tafi, kamar baƙon da ya yi sallama da kansa, kuma kasafin kuɗin da ya gada dama zuwa ƙarshen Yuni kawai ya tanadi kuɗin. To amma da yake daga bakin wanda aka rantsar 'yan mintoci kaɗan da suka wuce ta fito, jimlar ta zama aiki. A ranar layuka suka fara bayyana a gidajen mai, zuwa 31 ga Mayu kamfanin NNPC ya ɗaga lita daga ƙasa da naira 200 zuwa 488 a Legas da 537 a Abuja. Masana irin su Austin da Searle suna da babi guda a kan irin maganar da faɗinta shi ne aikata ta, kamar waliyyi ya ce na ba shi a wurin ɗaurin aure. Kin ga a nan kin kawo farashin mai, amma a matsayin shaidar ƙarfin jimla cikin kwana biyu. Wannan malaminki ba zai iya ja masa jan biro ba. Farashin shinkafa na bayan shekara biyu kuwa ki cire shi ɗungurungum.

Yanzu ga yadda za ki yi aikin da hannu. Samo rubutaccen kowane jawabi daga jaridu biyu daban, ki gwada su, domin wasu jaridun wanda aka raba tun kafin taro suke bugawa. Sannan ki buɗe bidiyon a YouTube, takarda a gabanki, biro a hannu, ki bi shi layi-layi. Duk inda ya ƙara, ya tsallake, ya maimaita ko ya dakata aka yi tafi, ki sa alama ki rubuta minti da daƙiƙa. Wanda bai yi wannan ba ba zai taɓa gano maganar tallafin nan ba. Ki ba kowane sakin layi lamba, B1, B2 na Buhari, T1, T2 na Tinubu, domin duk abin da kika faɗa a babin ki iya nuna shi da yatsa. Daga nan ki ja jadawali mai gida biyar: lambar sakin layi, kalmomin kamar yadda aka faɗe su, dabarar, wanda aka nufa, da aikin da ake so ta yi. Misali goma sha biyu zuwa goma sha biyar daga kowane jawabi sun isa kundin digirin farko. Talatin za su sa ki yi ta ratse ba tare da kin nutsa a ko ɗaya ba.

Ki ƙirga wakilan suna ma, amma da hankali. Kwamfuta za ta gaya miki sau nawa aka ce "ni" da "mu" cikin daƙiƙa ɗaya, sai dai ba za ta gaya miki wace "mu" ba ce. Akwai mu 'yan Najeriya, akwai mu gwamnati, akwai mu 'yan jam'iyya. Ki raba su gida uku da hannu. Wurin da mai magana ya zame daga "mu gwamnati za mu yi" zuwa "mu duka sai mun daure" shi ne wurin da ake sauke wa mai sauraro kaya ba tare da ya ankara ba. Wani abin kuma, jawaban da Turanci aka yi su, don haka asalin Turancin za ki nazarta. Fassarar da aka ji a rediyo wani nassi ne daban. Ko jimlar nan ta Buhari, a Turanci kalmomi biyu ne masu kishiyantar juna, a Hausa kuwa "kowa" ɗaya ce aka tabbatar sannan aka kore. Idan kina son taɓa fassara, ki ba ta sakin layi ɗaya ki faɗi cewa fassara kike dubawa. Kuma ki riƙe ra'i ɗaya, wato mazhabar nazari ɗaya. Idan babi na uku ya ce Aristotle, kada Fairclough, wani masanin nazarin jawabi mai nasa ra'in daban, ya faɗo babi na huɗu ba sallama. Malamin da zai zo daga wata jami'a ya jarraba ki ranar kare aiki nan zai fara kama ki.

Akwai gwaji mai sauƙi da za ki yi wa tsohon babin a daren nan. Ja layi a ƙarƙashin kalmomi irin su yaudara, ƙarya, romon baka, gazawa. Ga kowace ki tambayi kanki: zan iya nuna wannan daga cikin jawabin, da lambar sakin layi? In ba za ki iya ba, goge. Za ki ga kusan rabin babin ya zube, kada ki firgita. Sukar da za ta tsaya ita ce wadda take da tushe a nassin, alal misali alkawarin da aka yi ba lamba ba wa'adi, ko matsalar da aka tsallake ba a ambata ba. Shirun jawabi ma abin nazari ne.

Maganar malaminki. Zai yiwu yana da jam'iyya, wa ba shi da ita? Amma abin da ya rubuta miki gyara ne na ilimi, kuma da kin cika babin da yabo maimakon suka, malamin kirki haka zai rubuta. Ba ki da hujjar zargi tukuna. Ki shirya shafi biyu kacal, jadawalin misalai biyar da sakin layi biyu da kika rubuta da sabon salo, ki nemi minti goma a ofishinsa. Ki ce, "Malam, na fahimci inda na kauce, don Allah a duba mini ko wannan hanyar ce kafin in ci gaba." Ki rubuta abin da ya ce a gabansa, da kwanan wata. Idan ya amince, mako biyu sun ishe ki rubuta babin, mako ɗaya na babi na biyar, saura na gyara da bugawa. Idan lokaci ya ƙure, ki roƙe shi a rage aikin zuwa jawabi ɗaya, ya fi canja maudu'i sauƙi nesa ba kusa ba, domin sabon maudu'i yana nufin sabon babi na ɗaya zuwa na uku cikin mako shida, kuma mai yiwuwa a hannun malamin nan dai. Idan kuwa kin kawo nazari mai lambar sakin layi ya sake mayarwa ba dalili, ko ya ce sai kin cire misalan shugaba ɗaya kin bar na ɗayan, to lokacin ne zargi ya samu ƙafa. Ko a nan ma wurin malamin da ke kula da kundayen ɗalibai a sashe za ki fara zuwa, da kwafin gyare-gyaren uku a hannu, ki nemi a ba wani malami ya karanta. Ofishin shugaban sashe shi ne zangon ƙarshe.

Sai Baba. Ki sani abin da ya shiga kunnensa daban ne da abin da kika karanta. Mutumin da ya yi shekara goma sha biyu yana bin ɗan takara yana faɗuwa, ya kwana a wurin zaɓe lokacin da ake cewa a kasa, a tsare, a raka, idan 'yarsa ta zo da takarda tana lissafa gazawar gwanin nasa, abin da ya ji shi ne 'yar da ya biya wa kuɗin makaranta tana ce masa an yi masa wayo. Ga shi kuma wanda ake maganar ya rasu a Yulin 2025, mu kuwa ba mu saba jin ana tona mamaci a tsakar gida ba. Ba sai kin janye ra'ayinki ba, amma haƙuri kam ki ba shi, a kan yadda maganar ta fito. Ki samu Mama ta share miki hanya, ki same shi bayan isha'i lokacin da ba kowa, ki durƙusa ki ce, "Baba, ka yi haƙuri, ban yi nufin raina abin da ka tsaya a kai ba." Kada ki ƙara "amma". A wannan daren iyakar maganar ke nan.

Bayan kwana biyu ko uku, idan fuska ta saki, ki je masa da tambaya, ki bar takarda a ɗaki. A cikin jawabin na 2015 akwai wurin da Buhari ya gode wa waɗanda suka jure ruwa da rana a layi, suka kwana in ta kama don ƙuri'arsu ta yi amfani. Da Baba ake wannan maganar. Ki ce masa, "Baba, ranar da aka rantsar da shi, a ina ka saurara? Da ya faɗi wannan, me ka ji?" Sai ki yi shiru ki bar shi ya ba ki labari, ko zai kai awa ɗaya. Ba za ki sa maganarsa a kundi a matsayin bayanan bincike ba, tunda babi na uku bai tanadi hira ba. Shaidar yadda jama'a suka karɓi jawabin daga jaridun 30 ga Mayu na shekarun biyu za ki ɗauko ta. Amma abin da kika kasa gani a babin, wato dalilin da ya sa kalmomin nan suka kama zukatan miliyoyin mutane a ranar, Baba ya san shi fiye da duk littafin da ke laburarenku. Idan kin koma ɗaki ki buɗe jadawalin, ki cike gida na biyar na wannan sakin layin da abin da kika fahimta daga bakinsa, sannan ki nemi shaidarsa a jarida. Da shi za ki fara cikin misalai biyar da za ki kai wa malam.